Fako, Gayya da Ɗorewa: Tsokaci kan Harshen Binciken Raya Karkara a Adar (Misalin Keita da Ibohaman)

0. Gabatarwa

Wannan maƙala tsokaci ce a kan rubuce-rubucen bincike da aka tara game da raya karkara a ƙasar Adar, musamman a gundumar Keita da karkarar Ibohaman, cikin jihar Tawa. Za mu dube su ta fuskar da ba a cika dubawa ba, wato ta harshe. Ko jerin duwatsu ya tare ruwa, ko itacen da aka dasa ya kama, wannan hurumin masana ƙasa da na gandun daji ne, sun kuma yi aikinsu gwargwadon hali. Namu hurumin shi ne kalmomin da aka yi aikin da su.

Matsalar ita ce an tsara ayyukan da faransanci, an auna sakamakonsu da faransanci da italiyanci da ingilishi, alhali mutanen da aka yi aikin a kan ƙasarsu da hausa da tamashek suke noma, da su suke rabon gado, da su suke kai ƙara gaban hakimi. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai fassara, fassarar nan kuwa da baki aka yi ta, ba ta cika shiga rahoto ba. Za mu ɗauki kalmomi uku da rahotannin suka dogara a kansu, wato terre récupérée, participation da durable, domin mu nuna cewa duk lokacin da ɗayarsu ta ƙetara zuwa hausa, ko amsar manomi ta ƙetaro zuwa faransanci, abu guda ne ke faɗuwa a hanya, shi ne maganar haƙƙi: wa ke da ƙasar, wa ya yi aikin, wa zai ci amfanin.

1. Abin da aka yi a Keita

Ga wanda bai san wurin ba, ƙasar Adar-Dutsi-Majiya tuddai ne na dutse masu shimfiɗaɗɗen bisa, waɗanda kwaruruka masu zurfi suka tsattsaga. Ruwan sama kaɗan ne, amma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, ya gangaro daga tudu ya kwashe ƙasa ya zuba yashi a fadama. A shekarar 1984, tsakiyar babban fari, aka soma Furojen Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO ke gudanarwa, hukumar PAM ke ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Ba'italiye Renato Carucci shi ne babban mashawarcin aikin na tsawon shekaru. Da farko gundumar Keita kawai ya shafa, mai faɗin murabba'in kilomita 4,860. Daga 1991 aka faɗaɗa shi zuwa sassan Buza da Abalak. An yi kunyoyin duwatsu a bisa tuddai, an haƙa ramukan dashe a gangare, an gina shingayen rage ƙarfin ruwa a cikin ƙoramu, an yi hanyoyi da rijiyoyi da makarantu. Ƙididdigar da masu binciken Italiya suka fitar a shekarun 2000 ta ba da fiye da hekta 34,000 da aka gyara, da itace kimanin miliyan 18 da aka dasa, da kwanakin aiki wajen miliyan 12 da aka biya da abinci. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki mata ne, domin maza sun tafi biɗa.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk abin da za mu faɗa nan gaba ba ya rage masa komi. Wanda ya ga hotunan tuddan Keita na 1984 ya kuma ga na bayan shekara ashirin ba ya buƙatar a yi masa jawabi.

2. Fako da «ƙasar da ta mutu»

Binciken da aka yi da hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam yana raba ƙasa aji-aji bisa ga abin da ido ke gani daga sama: gona, daji mai itace, daji mai kurmi-kurmi, sai kuma sol nu, ƙasa tsirara. Wannan aji na ƙarshe shi ne ake kira terre dégradée, kuma shi ne furoje ya zo ya yi wa récupération. A hausa kalmar da ta fi kusa ita ce fako, wadda a karin harshen Adar ake furta ta hwako, kamar yadda fadama ke zama hwadama (duba bayanin Bernard Caron a kan Adaranci, 1991). Fako ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba. Har nan fassarar daidai take.

Amma abin da hoto ke nunawa tsirara ya fi fako yawa. A ciki akwai saura, wato gonar da aka bari ta huta, wadda mai ita ya sani, maƙwabta ma sun san iyakarta ko da shekara goma ba a sa mata hauya ba. Akwai burtali, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya, wanda tsiraicinsa shi ne shaidar cewa yana aiki. Akwai makiyaya ta bisa tudu wadda ke yin ciyawa 'yan makonni da damina ta koma dutse da rani, kuma waɗannan makonnin su ne ke raba makiyayi da manomi faɗa, tun da su ke tsare dabba nesa da shuka. Kalmomin nan huɗu ba su bambanta da launin ƙasa ba. Sun bambanta da wanda ke da iko a kanta da kuma lokacin da yake da shi. Faransancin rahoto ya haɗa su a aji ɗaya, ajin kuma ba shi da mai shi.

A nan ya kamata mu tsaya a kan kalmar mai, domin ita ce ke yaudarar mai tambaya. A duba waɗannan misalai:

(1) a. Mai gonar ya tafi Abijan.
b. Mai gonar bana ƙanensa ne.
c. Asalin mai gonar kakansu ne.

A (1a) mai na iya nufin wanda ya gada. A (1b) wanda ke nomawa ne, ko aro aka ba shi ko jingina. A (1c) wanda ya sare daji ne tun farko, wanda ya mutu tuni amma sunansa ke yanke shari'a. Duk ukun hausa ce ingantacciya. Takardar tambayoyi kuwa gurbi ɗaya take da shi, propriétaire, kuma duk wanda ya amsa «ni ne mai ita» a can za a rubuta shi. Hausa tana da gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, tana da gandu na gida duka da gamana ta mace ko ta saurayi. Wannan jerin ba ƙarancin tsari ba ne, tsari ne cikakke, sai dai ba a tambaya da shi.

Sai kuma ita récupération kanta. Da faransanci ma'anarta a maido da abin da ya ɓace. Masu wayar da kai da masu aikin rediyo sukan ce gyaran ƙasa, ko farfaɗo da ƙasa, ko raya ƙasa. Ta ƙarshen ita ta fi daɗin faɗa, ita ce kuma ta fi nauyi, domin a kunnen duk wanda ya zauna gaban malami tana tuna masa babin raya matacciyar ƙasa a fiƙihun Malikiyya, inda wanda ya raya filin da ba na kowa ba yake samun haƙƙi a kansa. A kan wannan kuma sai a ɗora jawabin Janar Seyni Kountché na watan Disamba 1974, inda ya ce gona ta wanda ke noma ta ce. Ke nan, idan aka ce wa mutanen gari za a raya musu matacciyar ƙasa, injiniya yana maganar ruwa da taki ne, su kuwa suna jin maganar mallaka. Mai tsohuwar saura ya ji tsoro, domin an kira gonar ubansa matacciya. Wanda ba shi da gona ya sa rai. Makiyayi ya ga an dasa itace an sa mai gadi a inda ya saba bi. Ita kuwa matar da ta ɗauki duwatsun a kanta, wadda bisa ga ma'anar kalmar ita ce ta raya wurin, galibi ba a sa ta cikin lissafin ba, tun da an riga an biya ta da hatsi.

Dokar ƙasa ba ta warware wannan ba. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta yi abin kirki da ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye. Amma ta riƙe ajin terres vacantes, filayen da ba a iya kawo shaidar mallakarsu ba, waɗanda ke komawa hannun hukuma, kalmar da asalinta ke komawa zamanin mulkin mallaka. Ta kuma riƙe mise en valeur a matsayin sharaɗi. Sai a 2010 aka yi doka ta musamman a kan kiwo wadda ta ƙarfafa haƙƙin makiyaya na yawo da dabbobinsu. Tsakanin 1984 da 2010 shekara 26 ce, kuma a cikinsu aka yi mafi yawan aikin tuddan.

Abin ya fi tsanani a wuri kamar Ibohaman da kewayenta, inda masu jin hausa da masu jin tamashek suke zaune tare, kuma tarihin zamansu ba ɗaya ba ne. Djibo Hamani da Nicole Echard, dukansu a 1975, sun bayyana yadda Adar ta kasance tsakanin Azna masu ƙasa da Abzinawan da suka mallake ta, irin su Kel Geres da Iwillimmidan, kafin Faransawa su ba Lisawan sarautar Keita. Garuruwa da dama na bisa tuddai zuriyar waɗanda aka mallaka ne suka kafa su, kuma su ne suka sami ƙasa mafi rauni. Idan rahoto ya ce les populations ko les villageois, ya share wannan duka da kalma ɗaya. (Ita kanta kalmar Buzu, da Hausawa ke kiran mai jin tamashek, wani wuri sunan ƙabila ce, wani wuri sunan matsayi ce, kuma mai tambaya da ya zo daga Yamai ba lalle ya san wadda ya faɗa ba.)

3. Gayya

A rubuce-rubucen raya karkara na Nijar an sha kawo gayya a matsayin tushen gargajiya na participation, domin a nuna cewa aikin haɗin gwiwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gaskiya ne ba baƙo ba ne. Amma gayya tana da sharuɗɗa. Akwai mai gayya, an san shi, gonarsa ce ko ɗakinsa. Shi ke roƙo, ba shi da ikon tilastawa. Furar da yake bayarwa karɓar baƙi ce, ba a auna ta da yawan kunyar da mutum ya yi. Yini ɗaya ce ko biyu. Mafi muhimmanci, bashi ce: wanda ka je wa yau zai zo maka gobe.

Aikin abinci na furoje ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai rajista, akwai shugaban fage mai kiran suna, ana lissafa kwanaki, ana auna rabo, aikin yana ɗaukar watanni, kuma babu ranar da furoje zai zo ya yi wa matar noma a gamanarta. Hausa tana da sunan irin wannan aiki: ƙwadago, ko barema idan na gona ne. Ba abin kunya ba ne. A shekarar 1984 da 1985 wannan rabon ya tsare gidaje da yawa daga watsewa, matan kuma neman aikin suke yi, ba gudunsa ba. Abin da muke suka shi ne sunan da aka ba shi a rahoto. Idan ƙwadago ne, to, tambayoyin da suka dace su ne nawa ake biya, ya isa ko bai isa ba, wa ke kula da yara da daka yayin da uwa take bisa dutse. Idan aka kira shi participation, tambayoyin nan sun faɗi, an maye su da wata: ko jama'a sun «rungumi» aikin. Sa'an nan idan abinci ya tsaya, aiki ya tsaya, sai a rubuta cewa jama'a ba su waye ba. Alhali ba wanda ke mamakin lebura da ya bar fage ranar da aka daina biya.

Littafin Benedetta Rossi, From Slavery to Aid (2015), wanda ya biyo bayan binciken digirinta a kan furojen, shi ne ya fi kowane fuskantar wannan. Ta bi tarihin aiki a Adar daga 1800 zuwa 2000, ta nuna zaren da ya haɗa bauta, da aikin tilas na Faransawa wanda aka soke a 1946, da abin da gwamnatin Diori Hamani ta kira investissement humain, da ayyukan Samariya a zamanin Kountché, da aikin abinci: a kowane zamani ana samun hanyar sa mutanen wannan ƙasa aiki a kan farashin da bai kai na kasuwa ba, wanda ke da halin tafiya kuwa ya tafi. A ganinmu hujjarta ta tsaya, kuma ƙarfinta ya zo ne daga sauraren mutane da harshensu. Abin takaici ɗaya shi ne littafin da ingilishi yake, a Kambirij aka buga shi, wato ya yi wa malamin makarantar Keita nisa fiye da rahotannin da yake suka.

4. Gida, dami da yunwa

A fannin abinci ma haka abin yake, sai dai za mu taƙaita. Ma'aunin binciken shi ne ménage, da shugabansa, da kilon da ya samu a hekta. Gida a hausa na iya zama mutum talatin masu gandu ɗaya da tukwane huɗu. Manomi da dami yake lissafi, mace da tiya, kuma dami ba nauyi ɗaya gare shi ba daga gari zuwa gari. Mai tambaya ne ke juya dami zuwa kilo a kansa, a tsaye, cikin rana. Shi kuma mai gida, a Adar, sau da yawa yana Abijan ko Legas ko Libiya rabin shekara, kuɗin da yake aikowa kuwa su ne ke cika rumbu idan hatsin gona ya ƙare tun kafin bazara.

Mutane sun faɗi wannan da kansu, a sunan da suka ba yunwar 1984. Kamar yadda masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya nuna a aikinsa kan yunwa a Sahel (1993), kowace babbar yunwa tana da suna, sunan kuma yana ɗauke da bayani. Ta 1984 a ƙasar Hausa ta Nijar El Buhari aka kira ta, domin a shekarar ne gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Rahotanni sun ce fari da gurgusowar hamada. Masu yunwar sun ce rufe iyaka. Dukansu gaskiya ne, amma na biyun ya fi bayyana yadda ake ci a Adar: ta hanyar kasuwa da tafiya, ta albasar Galmi da Tamaske da Madawa da ke zuwa bakin teku, ta hatsin da ke shigowa daga Kudu. An sake ganin haka da aka rufe iyakar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023. Binciken da ya tsaya a kan iyakar kwari ɗaya, yana auna abin da hekta ta bayar, ba zai ga wannan ba. Kuma yawan jama'a bai jira shi ba: gundumar da ke da mutum wajen 65,000 a 1962 ta haura 330,000 a ƙidayar 2012. Nan ne maganar birni ke shigowa, domin wanda gona ba ta riƙe ba a unguwannin gefen Tawa da Yamai yake sauka, da matsalolinsu na ruwan sha da shara da zazzaɓi. Amma masu binciken lafiyar birni daban, masu binciken ƙasa daban, kowa da takardar tambayarsa, alhali mutum ɗaya suke tambaya a watanni dabam-dabam.

5. Ɗorewa da barajin Ibohaman

Kalmar développement durable ta bazu ne bayan rahoton Brundtland na 1987 da taron Riyo na 1992. A faransanci an ɗan yi ja-in-ja tsakanin soutenable da durable, ta biyun ta yi nasara. Hausar rediyo da ta takardun hukuma ta tsaya a kan ci gaba mai ɗorewa. A nan, ba kamar sauran biyun ba, muna ganin fassarar ta fi asalin kyau.

Durable daga durer take, siffa ce ta abu shi kansa, kamar ƙarfe ko dutse da ke jure zamani. Da an so a fassara ta kai tsaye da sai a ce mai ƙarko. Ɗore kuwa 'yar gida ɗaya ce da ɗora da ɗori:

(2) a. Ya ɗora kaya a kan jaki.
b. Ɗansa ya ɗora daga inda ya tsaya.
c. An yi wa ƙafar ɗori.
d. Zumuncinsu ya ɗore.

A (2a) zuwa (2c) akwai abu biyu da ake haɗawa, akwai kuma mai haɗa su. Saboda haka abin da ya ɗore, kamar a (2d), shi ne wanda aka yi ta samun mai ɗorawa a kansa. Tukunya tana da ƙarko, zumunci ne ke ɗorewa. Ke nan bahaushen da ya ji «mai ɗorewa» yana da damar ya tambaya: wa zai ɗora? Tambayar da faransancin bai tilasta wa kowa ya yi ba.

Ibohaman wuri ne da ya dace a yi ta, domin can akwai aikin da ya girmi Furojen Keita. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina baraji a can, da filin ban ruwa na kimanin hekta 750 a ƙarƙashinsa, aka raba wa manoma fili-fili, ana noma auduga da dawa, ƙarƙashin tsarin ƙungiyoyin haɗin kai, daga baya kuma ƙarƙashin kulawar ONAHA wadda aka kafa a 1978. Ginin mai ƙarko ne. Amma ruwan da ke shiga tafkinsa daga tuddai yake gangarowa, ɗauke da ƙasar da ya kwaso, shekara bayan shekara laka tana cike shi, ruwan da yake iya riƙewa yana raguwa. Wanda ke da fili a ƙasan baraji rayuwarsa na hannun wanda ke bisa tudu, wanda shi ba ya samun ko ɗigon ruwan ban. Me zai sa na bisa ya gyara kunyar duwatsu da ta karye domin amfanin na ƙasa, idan ba a biya shi ba, kuma ba a tabbatar masa cewa filin nasa ne ba? A nan kalmomin ukun suka haɗu: filin da aka kira matacce ba a fayyace mai shi ba, aikin da aka kira gayya ƙwadago ne, don haka ɗorewa ba ta da mai ɗorawa.

Shi ma manomin filin ban ruwa matsayinsa ba shi da suna a hausa. Takarda ta kira shi attributaire ko exploitant: yana noma, yana biyan kuɗin ruwa, ana iya karɓe filin idan bai biya ba. Wannan ba gado ba ne, ba aro ba, ba haya ba sosai. Idan harshe mai kalmomi shida na riƙon gona ya rasa sunan wani riƙo bayan shekara hamsin, to, akwai alamar mutanen ba su gama sanin inda suka tsaya ba.

Akwai abin kwatanci kusa. Dabarun da suka bazu a jihohin Tawa da Maraɗi ba tare da rabon abinci mai yawa ba, suna da sunan hausa. Ramukan shuka da manoman gundumar Illela suka koyo bayan ziyarar da wasunsu suka kai Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, ba a riƙe musu sunan zaï ba, tassa ake ce musu, kuma har sayen fako aka riƙa yi domin a haƙa su, abin da ke nuna cewa fakon yana da mai shi tun da farko. Barin tsiron itace a gona, wanda ya bazu daga Maraɗi tun wajen 1984, sassabin zamani aka kira shi: tsohon aiki ne da kowa ya sani, aka ƙara masa siffa. Ba muna cewa suna ne ya sa suka bazu ba. Sun sami suna ne domin a gonar mutum ake yin su, da hannunsa, amfanin kuma nasa. Banquette da tranchée da seuil d'épandage sai da injin, da mota mai ɗaukar dutse, da injiniya. Sun zauna da sunayensu na takarda, ko a ce musu aikin furoje kawai. Shingayen itacen kwarin Majiya, a gundumar Buza, da aka soma dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, suna tsakiya: sun rage iska, sun ƙara amfanin gona, amma da lokacin sassabe rassansu ya zo, sai da aka zauna a kan tambayar ko itacen na mai gona ne, ko na gari, ko na ma'aikatar gandun daji.

6. Abin da ya rage wa sashenmu

A watan Maris 2025 kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ba hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da faransanci harshen aiki. Ko me mutum ke tunani a kan wannan ta fuskar siyasa, da kuma ta fuskar sauran harsunan ƙasa irin su tamashek da ake ji a Ibohaman, yana nufin takardun filaye da na bincike za su ƙara shiga hausa. Haɗarin shi ne a ɗauki jerin kalmomin faransanci a ƙirƙiro wa kowace kishiya, a sami hausar da ke cewa «mamallaki» a inda manomi ke da kalma shida. An yi irin haka a ƙamusoshin keɓaɓɓun kalmomi tun bayan taron daidaita rubutu na Bamako (1966) da na Yamai (1980), kuma da yawa daga cikin kalmomin da aka ƙera a ofis ba su fita daga ofis ba.

Hanyar da muke ba da shawara ta juya baya ce. A fara da tattara kalmomin ƙasa da na riƙon gona da na aiki kamar yadda ake amfani da su a zaman sulhu gaban maigari da hakimi da kwamitin filaye, da Adaranci da tamashek, a garuruwan Keita, Tamaske, Garhanga da Ibohaman. A bayyana ma'anar kowace da misalan shari'o'in da aka yanke da ita. Sa'an nan a nemi yadda za a faɗe ta da faransanci. Ga masu bincike kuma, abu biyu masu sauƙi: a buga fassarar hausa ta takardar tambayoyi a ƙarshen kowane rahoto, kamar yadda ake buga jadawalin lissafi, a kuma ajiye amsoshin da harshen da aka ba da su. Ɗaliban shekara ta huɗu na sashenmu waɗanda 'yan Adar ne za su iya soma tattarawar a hutun damina, lokacin da ake rigimar iyakar gona da ta burtali.